Yadda Malam Sadisu Direba Ya Ajiye Makulli

Ni bakanike ne, sunana Kamilu. Garejina yana bakin titi a Dutse, kafin ka shiga Yalwawa. Rubutu ba aikina ba ne, kuma ban cika yarda da dogon zance ba. In mutum ya ce min motarsa lafiyarta ƙalau, sai in ce to, in buɗe inji in gani da idona. Amma mutane suna ta zuwa gareji suna tambayata ina Malam Sadisu direba ya shiga. Wasu ma sun gama yanke hukunci, wai wata mata ce 'yar Kudu ta kore shi daga aiki don bai iya Turanci ba. Ba haka aka yi ba. Ina wurin. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Malam Sadisu mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Buji. Shi ne na shida a ɗakin mahaifiyarsa, gonarsu kuwa ba ta isa ta ci da su duka ba. Ya shiga firamare bai gama ba. Yana saurayi ya bi wata babbar mota mai ɗaukar hatsi, yana loda buhunan gero da riɗi, yana sa wa taya dutse in an tsaya a gangara. A nan ya koyi tuƙi. Da aka ƙirƙiri jihar Jigawa, Dutse ta fara cika da ma'aikata, sai ya dawo ya kama tasi tsakanin Dutse da Kano. Daga baya wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka ta ɗauke shi direba. A wannan aikin ya yi furfura. Da shi ya gina gidansa a Yalwawa, ya aurar da 'ya'ya, ya kai 'yarsa Munira kwalejin ilimi har ta zama malamar Turanci a sakandare.

Motar ƙungiyar, wata farar a-kori-kura mai ƙofa huɗu, wurina ake kawo ta. Ba na gane direba ta bakinsa, ta motarsa nake gane shi. Wani zai kawo maka mota baƙin mai ya zama kamar kwalta, birki ya cinye har ƙarfe, yana rantsuwa da Allah jiya ya duba. Malam Sadisu bai taɓa kawo min irin wannan ba. Kafin ya tada inji sai ya duba ruwa da mai, ya zagaya tayoyi yana bugunsu da ƙafa. Hanyoyin burji na Buji da na Garki ya san su kamar tsakar gidansa. Da damina, inda wasu ke kafewa a taɓo, shi yake wucewa. Kuma bai iya wuce mutum a hanya ba. Matan da ya kwaso daga ƙauye suna naƙuda ya kai asibiti, ba zan iya lissafa su ba.

Abu ɗaya yake alfahari da shi bayan tuƙi: Turancinsa. Ba a aji ya koye shi ba. A cikin mota ya tsince shi, daga bakin injiniyoyin da yake ɗauka. Yana tuƙi yana kasa kunne, ya dawo gareji ya zauna a kan tsohuwar taya yana koya min, ni kuwa ina ƙarƙashin mota ban roƙe shi ba.

"Kamilu, Turanci tirela ne," in ji shi. "Ga kai, ga bodi, ga ƙugiyar da ta haɗa su. Ƙugiyar ita ce 'to'. Ji nan: 'I want to go.' Ka ga kai, ka ga ƙugiya, ka ga bodi. 'I need to rest.' 'I forgot to pray.'"

"Me na ƙarshen yake nufi, Malam?"

"Na manta ban yi salla ba."

"Subhanallahi. Da girmanka?"

"Misali ne, ɗan baƙin mai. Saurara ka ƙaru. Akwai kuma waɗanda ba sa son ƙugiya. Ran nan na ce 'I can to drive', injiniya ya yi dariya har ya ƙware da ruwa. 'I can drive' kawai ake cewa. 'Let me go.' Waɗannan a-kori-kura ne, kai da bodi a haɗe aka ƙera su."

"To miƙo min sifana mai lamba goma sha biyu, da Hausa."

Haka muke. Ban taɓa koyon komai ba, shi ma bai taɓa dainawa ba.

A cikin tirelolin nan nasa akwai wadda ya fi so, wato "I used to". A wurinsa ita ce "nakan" ta Hausa. Nakan duba mai kullum, sai ya ce "I used to check the oil." Nakan zo da wuri, "I used to come early." Ba shi kaɗai ba ne. Je ofis, je tasha, je asibiti a garin nan, haka za ka ji masu ɗan Turanci suna faɗa. Injiniyoyin da ya yi aiki da su sun saba, sun san me yake nufi, ba wanda ya taɓa tsayar da shi.

Matsalar ta fara bayyana a jikin mota kafin ta bayyana a ko'ina. Ya kawo min madubin dama a karye, ya ce ɗan acaɓa ne. Na canja. Ba a jima ba ya dawo da ƙofar dama ta baya a goge, ya ce lungun ƙauyen ne ya yi ƙunci. Na kira mai fenti ya shafe. Sai kuma madubin dama. Sai bamba, ita ma ta dama. Gefen hagu kuwa ko ƙwarzane babu. Mutumin da ya yi shekara da shekaru bai goga mota ba.

Wata rana na miƙa masa kofin shayi ta damansa. Hannuna yana miƙe, shi yana ta zuba min zance. Sai da na ce "ungo" sannan ya juyo da kansa gaba ɗaya ya gani.

Na ce, "Malam, je a duba idonka."

Ya ce, "Idona ya fi naka, kai da ka ƙare a ƙarƙashin mota kamar gafiya."

"Madubin dama kaɗai kake karyawa."

"To 'yan acaɓar garin nan ta hagu suke wucewa?"

Na sake gaya masa bayan wani lokaci. Ya ɗaure fuska, ya yi kwanaki bai zauna a kan tayarsa ba. Na san abin da yake tsoro. Mutum ne da bai iya komai ba sai tuƙi. Gona ya bar ta tun yana saurayi. In aka karɓe sitiyari daga hannunsa, ban san me zai rage ba, shi ma bai sani ba.

Ana nan sai ƙungiyar ta sami sabuwar shugaba. Asalinta 'yar Kalaba ce, amma an ce a ƙasar waje ta girma, can ta yi karatu. Kowa Madam yake ce mata. Ba ta jin Hausa, ba ta kuma saba da Turancinmu na nan ba. Ta riƙa kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsu aikinsu. Da ta zo kan direba, ta fita ta zagaya motar da kanta. Mace ce mai lura. Ta ga fentin gefen dama bai yi daidai da na hagu ba. Ta dube shi ta ce, "Do you see well?" Wato kana gani sosai?

Malam Sadisu ya gyara tsayuwa ya ce, "Madam, I used to see well."

Ta sake dubansa, a hankali ta miƙa hannu ta ce ya ba ta makulli, ya je gida ya huta sai ya ga likita.

A ƙafa ya iso garejina, rana tsaka, hularsa a hannu. Ya ce, "Kamilu, matar nan ta karɓe makullina. Na ce mata nakan gani sosai, ta karɓe makullina. Me na yi mata?"

Na rufe gareji bayan la'asar na raka shi gida. Munira ta dawo daga makaranta, tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Mai ɗakinsa, Hajiya Rakiya, tana madafa. Ya ba su labari yana huci.

Munira ta ajiye faranti. "Baba, faɗa min daidai yadda ka ce mata."

Ya maimaita.

Ta dafe kai. "Wayyo Baba. Ai ce mata ka yi a da kana gani sosai, yanzu ka daina."

"Ni? Yaushe na ce na daina?"

"Ita kalmar haka take. 'Used to' abin da ya wuce ne, abin da ake yi a da aka bari. In ka ce 'I used to pray', ka ce da can kana salla, yanzu ka ajiye."

"A'uzubillahi! Ai kuwa na sha gaya wa injiniyoyi haka."

Hajiya Rakiya ta leƙo daga madafa. "Ashe shekara da shekaru kana shelar ka bar salla, Malam, mu ba mu sani ba."

Ya yi tsaye baki buɗe. Sai kuma ya fashe da dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya. "Ashe ƙugiya ce ta kwance! To alhamdulillahi. In magana ce, ai gyara ta za a yi. Ke malama, ya ake cewa nakan?"

"Ba a sa komai, Baba. 'I see well.' Shi ke nan. In kana son ƙarfafawa ka ce 'I always see well.'"

"Haka tsirara? Ba ƙugiya?"

"Ba ƙugiya."

Ya fara maimaitawa yana kai da kawowa a tsakar gida. Sau biyu zai faɗa daidai, na uku tsohuwar ta kutso, Munira ta ce "Baba!", ya ja tsaki ya sake. Hajiya ta ce ya je ya faɗa mata da Hausa mana, in ta ga dama ta nemi tafinta. Aka shirya da safe Munira za ta raka shi ta yi wa Madam bayani. Sai ya juyo wurina.

"Kai ma za ka zo. Kai ne shaidata. Ka gaya mata ban taɓa yin haɗari ba."

Na ce, "Zan zo. Ba ka taɓa yin haɗari ba, wannan zan faɗa. Amma in ta tambaye ni zancen madubi, shi ma zan faɗa."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Har da kai, Kamilu?" Ya shige ɗaki.

Munira ta biyo ni zaure. "Kawu, wane madubi?"

Na gaya mata duka. Ta jingina da bango. Ta ce kwanan baya an ajiye masa tuwo, yana ta faɗa wai an kawo masa tuwo ba miya, alhali kwanon miyar yana damansa. Sun ɗauka gajiya ce. Ta ce, "To yanzu ya zan yi? In na ƙi zuwa, ya ce 'yarsa ta ƙi shi. Kuma maganar da zan faɗa gaskiya ce, abin da Madam ta fahimta ba shi ya yi nufi ba."

Na ce ta je ta faɗi nata. Ni ma zan je.

Washegari muka tafi ofishin. Munira ta yi wa Madam bayani da Turanci, ni ban ji ko rabi ba. Na dai ga fuskar Madam ta sauya, ta rufe baki da hannu, ta yi 'yar dariyar kunya. Munira ta fassara min daga baya: wai ta ce shi ya sa mai kula da sito ya gaya mata a da yana zuwa aiki da wuri, yana faɗa yana murmushi, ta rasa gane kansa. Madam ta ba Malam Sadisu haƙuri. Shi kuma ya miƙe, ya ɗaga kai, ya ce, "Madam, I see well. I always see well." Bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ta buɗe aljihun tebur ta miƙa masa makulli, ta ce duk da haka in ya sami sarari ya leƙa likita.

Ba ta tambaye ni komai ba. Ni kuma ban iya yarenta ba, kuma ba zan sa 'yar mutum ta fassara tonon asirin ubanta a gabansa ba. Abin da na iya shi na yi. Da ya ce zai kai motar gareji a juye mata mai, na buɗe ƙofar gaba na zauna kusa da shi, na ɗora hannuna kusa da birkin hannu. Munira ta tsaya a baranda tare da Madam.

Ya duba ruwa, ya duba mai, ya bugi tayoyi. Ya shiga ya yi bismilla ya tada inji. Ya dube ni ya ce, "Mai shaidar zur, ka ga ko buƙatarka ba a yi ba." Yana murna kamar ranar sallah.

Maigadin ofishin wani dattijo ne, Baba Aji, mutumin wajen Haɗeja, tsaransa ne kuma abokin wasansa. Ya buɗe mana ƙofa, ya koma gefen dama ya tsaya jikin ginshiƙi da butarsa a hannu, zai je alwala. Ina ganinsa sarai. Har hannu ya ɗaga mana. Malam Sadisu ya taho a hankali, idonsa a kan titi, ya karya sitiyari dama tun bai gama fita ba. Kai tsaye kan Baba Aji.

Na yi ihu na fizgi birkin hannu. Shi ma ya taka nasa. Bamba ta ture dattijon ya zauna a ƙasa, bayansa a jikin ginshiƙi, butar ta fashe a ƙarƙashin taya. Da motar ta ƙara taku ɗaya, da ta matse masa ƙirji.

Baba Aji ya ɗago yana haki. "Sadisu, ni za ka kashe? Me na ci maka, ɗan ƙauye?"

Malam Sadisu ya leƙo ta gabana. "Daga ina ka fito?"

"Daga ina na fito? Tun da na buɗe ƙofar nan nake tsaye a nan. Har hannu na ɗaga maka!"

Ya dube ni. Na ce, "Yana tsaye."

Ya kashe inji. Ya zauna hannuwansa biyu a kan sitiyari, yana kallon gaba. Sai na ga ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya jima haka, sannan ya sauke. Ya fita, ya zagayo, ya ɗaga Baba Aji, ya kakkaɓe masa riga, ya tattaɓa ƙafafunsa ya tabbatar ba karaya. Ya tsince fasasshiyar butar ya ajiye a gefe. Sannan ya nufi baranda, inda Madam da Munira suka sauko da gudu.

Ya miƙa makullin da hannu biyu. Ya ce, "Madam, I used to see well."

Munira ta ce, "Baba, ba haka ake..."

"Na san abin da na ce, Munira."

Madam ta karɓa. Idonta ya kawo ruwa. Wannan ita ce matar da ake cewa ta kore shi.

A asibiti likita ya ce hawan jinin ido ne. Ya ce ciwon daga gefe yake fara ci, a hankali, ba zafi, mutum bai sani ba sai ya yi nisa. Na dama ya kusa tafiya duka, na hagu ma ya kamu. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Sai dai maganin ɗigawa don a riƙe abin da ya rage. Ya ce da an zo da wuri, da an ceci da yawa. Malam Sadisu ya ce, "Allah ya sa kaffara ce." Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Ƙungiyar ba ta wulaƙanta shi ba. Ta sallame shi daga tuƙi da haƙƙinsa, Madam ma ta ba shi aikin zama, ya riƙa kula da shiga da fitar motoci. Ya gwada na ɗan lokaci. Ya ce min ba zai iya zama yana jin wani yana kankare wa motarsa giya ba. Ya bari.

Yanzu yana gida. Hajiya Rakiya ta ce har yau da ya dawo daga sallar asuba sai ya yi wanka, ya sa kaya, ya kafa hula, ya fito zaure ya zauna. Ba inda za shi. Ya ce ganinsa ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma bututun ƙara tsukewa yake. Turanci ya daina yi gaba ɗaya. Munira takan ja shi da shi don ya yi dariya, sai ya amsa mata da Hausa. Gareji ma ya daina zuwa. Ya ce ƙarafa sun yi yawa a ƙasa, ba ya son ya faɗi a gaban mutane.

Ranar da zai koma asibiti ni nake zuwa in ɗauke shi a babur ɗina. Yakan hau baya ya riƙe kafaɗata da ƙarfi. Bai iya zaman fasinja ba. Tun daga ƙofar gida yake tuƙa ni da baki. Ba da hannu. Canja giya, ba ka jin kukan inji? Bar wa mai tifa hanya, ba shi da birki.

Zuwanmu na ƙarshe, mun kusa kwanar da ake fita babban titi, ya matse min kafaɗa. "Rage gudu, Kamilu. Akwai rami a gaba, ka bi ta hagu."

An cike ramin nan tun bara, an zuba sabuwar kwalta. Na rage gudu, na bi ta hagu.